Kismet ko Wireshark: wanne zai tabbatar maka gyaran ya kama?

Ɗan'uwa, ka ce ka sabunta wayarka amma har yanzu Kismet, manhajar da ke sauraren na'urorin Wi-Fi na kusa, na nuna tsofaffin sunayen Wi-Fi da wayar ke kira tana nema, shi ne kake tambaya ko gyaran ne bai yi ba, ko kuwa Wireshark, manhajar kama saƙonnin da na'urori ke aikawa da duba cikinsu, za ka koma. Dakata tukuna, wataƙila abin jiya kake kallo.

Kismet tarawa yake yi. Duk na'urar da ya taɓa ji sai ya buɗe mata rajista, ya riƙa ƙara mata bayani muddin yana kunne. Sake loda shafinsa a burauza ba ya goge komai. Sai ka kashe shi gaba ɗaya ka sake kunnawa, sannan zai fara daga farko da sabon fayil ɗin .kismet. Tsohon fayil ɗin kuwa ka ajiye shi don kwatantawa, in ka gama ka goge, domin adiresoshin wayoyin maƙwabtanka ma suna ciki, kuma amana ce.

Wireshark ba ya haɗa jiya da yau. Kowane ƙunshin saƙo na zuwa da lokacinsa, sabon kamu kuma sabon allo ne. Tarkonsa shi ne matatar da ke tace abin da za a nuna a allo: ɓoyewa take yi, ba ta gogewa.

Ni dai wajen tabbatar da gyara Wireshark na fi yarda da shi, ga dalili. A 2020 Apple ya kawo ɓoye adireshin MAC, wato lambar da ake gane na'ura da ita a Wi-Fi, a iOS 14, amma iPhone ta ci gaba da sakin adireshinta na asali cikin saƙonnin mDNS, waɗanda na'urori ke neman juna da su, ta ƙofar UDP 5353, ga duk wanda ke kan Wi-Fi ɗaya da ita. Tommy Mysk da Talal Haj Bakry ne suka kai rahoto, aka toshe a iOS 17.1 cikin Oktoban 2023. Wanda ke saurare daga waje zai ga adireshin bogi a jerin na'urori ya ce lafiya lau, alhali na gaskiyan na cikin saƙon da WPA2, tsarin kulle saƙonnin Wi-Fi, ya rufe. Sai an shiga Wi-Fi ɗin an buɗe cikin saƙon ake ganinsa.

To ka sake kunna Kismet, ka kashe Wi-Fi ɗin wayar ka kunna, ka ba ta lokaci daidai da na gwajin farko. In sunayen sun dawo, ka buɗe Wireshark da matatar wlan.fc.type_subtype == 4, wadda ke nuna kiran neman Wi-Fi kaɗai, katin Wi-Fi na kwamfutarka kuma yana yanayin sauraro (monitor mode), ka duba lokacin kowane kira. A kan Wi-Fi ɗinka da wayarka kaɗai za ka yi wannan.