Madubin hangen nesa mai milimita 127: yadda na same shi a sararin Kaduna

Masu ganin hotunan Mushtari da Zuhal, wato Jufita da Satan, da nake ɗauka daga saman dakin gidanmu a Unguwar Rimi suna yawan tambayata wane irin madubi ne, kuma ko ya ci kuɗinsa. Bututun kansa dai kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ƙafafun da aka haɗo shi da su ne ba su gamsar da ni ba.

Irin wanda ake kira Maksutov ne, sunan masanin Tarayyar Sobiyet da ya ƙirƙiro shi a 1941. Faɗin bakinsa milimita 127, nisan da yake tattara haske kuma milimita 1500, amma tsawon bututun bai kai kamu ɗaya ba, domin hasken kai da komo yake yi tsakanin madubai biyu a ciki. Da hannu ɗaya nake hawa bene da shi. Yana zaune a kan wata kujera mai mota, wato ɗan injin lantarki, wadda take bin tauraro da kanta. Kada kowa ya raina wannan motar. Duniya juyawa take yi, kuma in ka girmama hoto sosai, kafin ka gama gyara zama Mushtari ya fice daga allo.

Na fara da babbar kyamarata ta ɗaukar biki, na cire gilashinta, na ɗaura ta a bayan bututun da zoben haɗi. Wata yana fitowa tar, har ramukansa da inuwar duwatsunsa. Mushtari kuwa sai ɗan farin ɗigo a tsakiyar baƙin fili, in ka buɗa shi duk ya dagule. Laifin iska ne. Iskar da ke tsakaninmu da sama kullum motsi take, sai hoton ya riƙa rawa kamar kana hango fuskar mutum ta saman tukubar mai tsire. Hoto guda ɗaya da wuya ya dace da lokacin da iskar ta lafa.

Shi ya sa masu wannan harka bidiyo suke ɗauka. Daga baya na sayi 'yar ƙaramar kyamara ta musamman wadda ake zurawa a gurbin gilashin leƙawa, a jona ta da laftof ta wayar USB. Tana iya ɗaukar hoto sama da 100 a daƙiƙa guda in ka taƙaita ta a kan ɗan filin da tauraron yake. Da manhajar SharpCap ko FireCapture nake ɗauka, sannan AutoStakkert ya tantance dubban hotunan, ya ware mafi kyau, misali kashi 20 cikin 100, ya ɗora su a kan juna su zama guda. A RegiStax ake fito da zanen. Wannan matakin na fi so: kana jan ɗan layin a hankali, sai ga ɗamara biyu masu launin ƙasa sun bayyana a jikin Mushtari, in ka yi sa'a har da babban jan tabon nan, guguwar da ta fi duniyarmu faɗi. Ana samun waɗannan manhajoji ba tare da biyan ko sisi ba. Sai dai a kiyaye, Mushtari yana kammala juyawa cikin ƙasa da awa 10, don haka bidiyon da ya wuce minti biyu zuwa uku zanensa gogewa yake yi.

A kyamarata Mushtari yana cin ɗigon allo kusan 90 ne kawai a faɗi. In na ƙara gilashin Barlow, mai ƙara girman hoto, sai ya ninka, amma haske ya ragu, rawar iska kuma ta ƙara fitowa. A daren da iska ba ta kwanta ba, barinsa a jaka ya fi.

Mu a Kaduna muna da wata dama da ba mu cika lura da ita ba. Garin yana wajen digiri 10 da rabi ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka waɗannan taurari kusan ta tsakar kanmu suke wucewa, inda iskar da haskensu zai ratsa ta fi ƙaranci. A 2025 Zuhal yakan hau sama da digiri 70 a nan, alhali mai kallo a Ingila bai samu ko 40 ba. Fitilun gari ma ba su dame su ba, domin suna da haske sosai, ba sai ka fita daji ba. Abin da ke ɓata aiki shi ne zafin da rufin kwano da siminti suke fitarwa bayan magariba, da hayaƙin janareta in an ɗauke wuta. Nakan fitar da madubin ya sha iska kamar minti 40 kafin in fara, tunda rufaffen bututu ne mai riƙe zafin ɗaki. A ganina babu lokacin da ya kai ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya wanke sama ya ɗauke, hazo bai sauko ba. Da hunturu ma ana samu, amma ƙura tana dusashe haske, tana kuma kwanciya a gilashin gaba. Kada a goge ta da gefen riga. A hura ta da robar hura iska, a mayar da murfi da zarar an gama.

To, ƙafafun. Siraran ƙarfe ne marasa nauyi, da ka taɓa maɓallin saita gani sai hoton ya yi ta karkarwa, dole ka janye hannu ka jira. Na rage tsawonsu, na rataya galan ɗin ruwa a tsakiya, abin ya yi sauƙi amma bai tafi ba. Motar tana shanye ƙananan batura da wuri, sai da na koma jona ta da batir mai bolt 12. Kuma in tauraro ya kai daidai tsakar kai, irin wannan kujerar takan sha wahalar binsa, babbar kyamara ma har bugun gindinta take yi. Ƙaramar ba ta da wannan matsalar.

Wani abu da takardar cikin kwali ba za ta gaya maka ba: ka sanar da maƙwabta da 'yan sintirin unguwa kafin ka kafa bututu a saman bene da dare. Mutane suna da haƙƙin sanin ba gidajensu kake leƙe ba. Ni dattijon da muke katanga ɗaya na fara gayyata. Ya ɗora ido, ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce, "Ɗana, waɗannan ɗige-ɗige huɗu da suka yi sahu fa?" Na ce, "Baba, watanninsa ne, gobe in Allah ya kai mu za ka tarar sun sauya wuri." Sai ya shiga tasbihi. Su ne waɗanda Galileo ya hango a 1610, kuma wannan madubin yana nuna inuwar ɗayansu, baƙin ɗigo, in ta gifta ta fuskar Mushtari.

Zuhal ya zo mini a shekarar da zobensa ya juyo mana gefe, abin da ya faru a Maris 2025, don haka siririn layi kawai na samu, da watansa Titan can a gefe. Zoben zai yi ta buɗewa har wajen 2032, ina sa ran wannan bututun zai nuna ratar da ke jikin zoben, wadda masanin taurari Cassini ya gano a 1675. Mars kuwa kada a ɗora masa buri da madubi mai wannan girman. Sai bayan wata 26 yake matsowa, kuma a Janairun 2025 ko kashi ɗaya cikin uku na faɗin Mushtari bai cika ba. Zai sake matsowa a Fabrairun 2027.

Mai son saye, in kuɗinsa ba su kai duka ba, ya fara da bututun da kujera mai mota, ya lallaɓa da kyamarar da yake da ita a kan Wata, ƙaramar kyamarar ta biyo baya. In na hannu ne, ya haska tocila ta bakin bututun ya duba ko gilashin ya karce ko ya yi fumfuna, ya kuma sa a kunna motar a gabansa ta juya hagu da dama, sama da ƙasa, kafin ya miƙa kuɗi.