Chronicling America: Rumbun Tsofaffin Jaridun Amurka

Duk mai neman tarihin yammacin Amurka daga bakin waɗanda suka gani da ido, ya fara da Chronicling America, rumbun tsofaffin jaridu da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya buɗe kyauta a intanet a 2007. Shafi yana fitowa yadda aka buga shi, har da tallan filaye bayan dokar rabon gonaki ta 1862, da cigiyar dokin da aka sace. Sai dai manhajar bincikensa tana yawan kuskuren karanta haruffan da suka dusashe. Abin da ya fi damuna shi ne ƙarancin muryar ƴan asalin ƙasar, domin akasarin jaridun na baƙin da suka ƙwace musu ƙasa ne.