Jagorar makaɗa ko mai tsara kiɗa: wacce ta fi saurin suna?

Jagorar makaɗa tana tsaye da sanda a hannu, idon kowa a kanta. An daɗe ana hana mace wannan matsayi, amma da zarar ta samu, sunanta ya fita. Marin Alsop ta karɓi ƙungiyar makaɗan Baltimore a 2007, mace ta farko da ta shugabanci babbar ƙungiya irin wannan a Amurka.

Hanyar mai tsara kiɗa, a ganina, ta fi wuya, domin takardar da ta rubuta kiɗan a kai ba ta magana sai wani ya yarda ya kaɗa. Makaɗan Chicago sun kaɗa aikin Florence Price, baƙar fata, a 1933. Bayan rasuwarta a 1953 aka kusan mantawa da ita, har sai 2009 da aka tsinci tarin rubuce-rubucenta a wani kangon gida a Illinois.