Zaɓen Karen Kiwo na Farko: Tsatson Aiki ko na Baje Koli?

Duk mai son shiga harkar hayayyafar karnukan kiwo da kai su gasa, ya kamata ya fara sanin wace gasa yake nufi, domin a Ingila da Jamus da Amurka, inda harkar ta kafu, jinsi ɗaya yakan rabu gida biyu, wato tsatson aiki da tsatson baje koli. A gasar aiki ana sakin kare ya kewayo tumaki daga nesa, ya koro su wurin makiyayi yana bin umarnin fito, sannan ya shigar da su shinge, kuma an soma irin wannan gasa a Bala da ke yankin Wales a 1873. A baje koli kuwa, kamar Crufts da ake yi a Birmingham duk shekara, alƙali yana duba tsayuwar kare da tafiyarsa da haƙoransa da gashinsa bisa ƙa'idar da aka rubuta wa jinsinsa.

Border Collie shi ne zakara a fagen aiki. Yakan sunkuyar da kai, ya kafa wa tumaki ido har su juya ba tare da ya yi haushi ba, kuma ƙungiyar karnukan kiwon tumaki ta ƙasa da ƙasa, wato ISDS, da aka kafa a 1906, tana fifita iya aiki a kan kyan sura wajen rajistarsa. Sai dai wanda ba shi da dabbobi ko fili ya haƙura da shi, domin idan aka bar shi zaune zai koma koran yara da kaji da motoci.

German Shepherd, wanda Max von Stephanitz ya kafa wa ƙungiya a Jamus a 1899, ya fi sauƙin samu, har a biranen Najeriya inda ake ajiye shi don gadi, kuma 'ya'yansa ba sa kwantai. Amma a nan ne aka fi cin amanar mai saye. Wasu masu tsatson baje koli sun matsa wa neman gadon baya mai gangara har karen ya zama yana tangaɗi da ƙafafun baya, ga kuma ciwon gaɓar ƙugu da ake gado. Ni dai ba zan ba kowa shawarar sayen kwikwiyo ba sai ya ga sakamakon hoton X-ray na ƙugun uwa da uba. A tsarin Ingila ana ɗaukar hoton ne idan kare ya cika shekara ɗaya, makin da ake ba ƙugun yana tsakanin 0 da 106, kuma ƙaramin maki shi ne mai kyau.

Belgian Malinois ya fi ƙarfin sabon shiga. Shetland Sheepdog kuwa ƙarami ne mai sauƙin horo da ciyarwa, ya dace da mai koyon baje koli, ko da yake gashinsa mai kauri bai jitu da ƙasa mai zafi ba.

Dangin Collie da Australian Shepherd suna buƙatar gwajin ciwon ido na gado da gwajin MDR1, wato matsalar gado da ke hana jikin kare jure wasu magunguna, saboda karen da ke ɗauke da wannan matsala maganin tsutsa na ivermectin mai yawa yana iya kashe shi, alhali magani ne da makiyaya ke amfani da shi kullum. Haka nan ba a haɗa karnuka biyu masu launin dabbare-dabbare na merle barbara, don kada a haifi kurame da makafi.

Ga mai farawa, karya ɗaya mai cikakkiyar takardar asali ta fi kwiyakwiyi uku marasa shaida. Ya je ya ga uwar da idonsa, kada ya karɓi kwikwiyon da bai kai mako 8 ba, ya kuma sani cewa Kennel Club, ƙungiyar rajistar karnuka ta Ingila, ba ta yi wa 'ya'yan karya rajista idan an yi mata barbara kafin ta cika shekara ɗaya, ko idan ta riga ta haihu sau 4.