Tsohon Fam na Zinariya da Lambar Tunawa

A Sakkwato, idan aka buɗe adakar gado aka ga tsabar kuɗi mai ƙyalli, sau da yawa magada kan ɗauka zinariya ce. Fam ɗin zinariya na Ingila, wanda aka fara bugawa a siffarsa ta yanzu a 1817, nauyinsa giram 7.98 ne, zinariyarsa kuma karat 22, don haka darajarsa tana bin farashin zinariya. Lambar tunawa ta zamani kuwa, wato wadda ake bugawa don tuna wani mutum ko biki, galibi tagulla ce da aka yi wa ruwan zinariya, kuma idan faɗinsu da kaurinsu ɗaya ne, sai ta fi sauƙi a kan sikeli, gefenta ma ya koɗe. Maganaɗisu ba ya raba gardama, domin ba ya jan tagulla, kamar yadda ba ya jan zinariya. Ni dai ina roƙon magada su kai wa maƙerin zinariya ya gwada kafin rabo.