Wata takwas da manhajar sa ido kan ma'aunin gaz

Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011 harkar gaz ta samu gindin zama a Damagaram, mu ma a nan muka koyi sana'ar awo. Inda nake aiki yanzu, ma'aunin da ke kan babban tiyonmu na sauti ne, babu wani abu mai juyawa a cikinsa. Kunnuwa ne masu aika sauti da karɓarsa, biyu-biyu suna fuskantar juna, hanya huɗu. Sautin da ya bi gaz yakan riga wanda ya tare shi isowa, daga wannan 'yar tazarar ake gane gudun gaz ɗin. Kyansa ke nan, kuma nan haɗarin yake: ko ya fara kuskure ba ka jin ƙara, lamba dai tana ta hawa.

Wata takwas ke nan da aka haɗa mana manhajar da ke duba lafiyarsa dare da rana. Tana kwatanta gudun sautin da ya auna da wanda aka lissafa daga sinadaran gaz ɗin, zafinsa da matsinsa. Mun saita ta yi gargaɗi in bambancin ya wuce kashi 0.2 cikin 100.

Ranar da ta biya kuɗinta, kunnen ƙasa ne ya yi ta ƙara ƙarfi kafin ya ji ɗan'uwansa, kullum kaɗan-kaɗan, sauran hanyoyi uku suna nan yadda suke. Maigidanmu ya ce, “Malam, bar shi sai lokacin gyara.” Na ce, “Ranka ya daɗe, dubi zanen sati ukun nan.” Da muka buɗe, baƙin maiƙo ne ya kwanta a kansa. Da ido wallahi ba mai ganewa.

Abin da ya dame ni shi ne bazara. A Afrilu, zafi sama da digiri 40, in gaz yana tafiya a hankali rana takan gasa saman tiyo, hanyar sama da ta ƙasa su saɓa, sai gargaɗi. Sau uku ina barin tuwon rana a kan ba komai. Rumfa muka yi masa, ya lafa. Ai kamata ya yi masu sayarwa su faɗa mana tun farko. Ga shi duk bayanin da Ingilishi, mu kuwa Faransanci muka karanta.

Duk da haka, in aka ce a cire manhajar, ni ne zan fara ƙi.