Garin koko zalla ko na fakiti? Amarya, ga wanda za ki saya

Amarya, kin tambaye ni wanda za ki saya don sha. Tsakanin garin koko na cakulan zalla da 'yan fakitin nan da aka riga aka haɗa da madara da sukari, sayi zallan. Duka biyun sun kwana a kicin ɗina, kuma na san wanda na sake komawa saye. Tunda wannan ne hunturunki na farko a Jos, ki tanada tun Disamba bai shigo ba. Garin nan a kan tudu yake, wajen mita 1,200 sama da teku, asubahin Janairu kuwa ko ruwan alwala sai an yi shahada kafin a taɓa shi.

Amma fa in za ki yi aike ki fayyace. Na taɓa ce wa ƙanin maigidana ya sayo min garin koko, sai ga shi da gasarar gero a leda, har yana faɗa min ya zaɓo mai laushi. Ki ce garin koko na cakulan, wanda masu yin kek ke saye, marar sukari. Shagunan kayan kek na wajen Taminus su ne farkon inda za ki duba, sai manyan kantuna.

Ni Hajiyar maigidana ce sanadin shaƙuwata da shi. Ta zo mana daga Kano a tsakiyar sanyi, kwana biyu tana takure a kujera cikin bargo da safa biyu, baƙin shayi ta ce ya ishe ta, kunu kuma ta ce ba shi ya kawo ta Jos ba. Ina da ragowar garin da na saya don kek ɗin sunan ƙanwata, sai na ce bari in gwada. Na dafa mata da citta da ƙwayar kanumfari biyu, na burge shi ya yi kumfa, na miƙa mata a kofin tangaran. Ta riƙe shi hannu bibbiyu, ta kurɓa, ta yi shiru. Can ta ce, "'Yar nan, wannan kuma shayin wace ƙasa ne?" Ba ta ce ya yi daɗi ba, Hajiya ba ta yabo a gaban mutum. Sai dai kullum bayan sallar asuba in ji ta tana tambayar jikokinta ko uwarsu ta tashi, ranar komawarta kuma da kanta ta sa aka ƙulle mata sauran garin a bakin jaka.

Ga yadda nake yi, na babban kofi ɗaya. Garin koko cokalin cin abinci ɗaya, kada ki yi masa tozo. Sukari cokalin shayi biyu, gishiri ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka. Ki zuba su a ƙaramar tukunya, ki ɗiga ruwan zafi kamar cokali biyu, ki dama har ya zama kamar kwaɓin lalle. Wannan damun shi ne sirrin, kuma nan ne masu cewa garin zalla ba ya narkewa suke faɗuwa. Garin yana da ɗan mai a jikinsa, in kin juye shi kai tsaye cikin ruwa mai yawa sai ya taso sama ya yi gudaji, ki yi ta binsa da cokali yana guje miki. Bayan ya kwaɓu sai ki ƙara ruwa kofi ɗaya, ki jefa citta da kanumfari, ko ɗan ɓallin kirfa in kina so, ki bar shi ya ɓararraka minti biyu a wuta kaɗan. Dafuwar nan ce ke kashe ɗanɗanon ɗanyen gari. Daga nan ki dama madarar gari cokali uku da ruwan ɗumi a gefe, ki zuba, ki sauke da zarar ya fara tururi. Kada ki bari ya tafasa da madarar, zai kama gindin tukunya ya yi ƙauri, ko ya yi bori ya wanke miki murhu.

In kin samu madarar shanu sabuwar tatsa daga wajen Fulani, ta fi ta gari nesa ba kusa ba, sai dai ki tafasa ta tukuna ita kaɗai kafin ki haɗa. Da ita ba ki buƙatar ruwa sai na kwaɓin.

Gishirin nan kada ki raina shi. Ba za ki ji shi a baki ba, amma yana danne ɗacin ya fito da ƙanshin, har ki ga kin rage sukari. Kumfa kuwa maburgi ne maganinta, wannan dai na miyar kuka, in kin wanke shi tas ko kin ware masa nasa. Na yi dariya ranar da na ga mutanen Meksiko, waɗanda ke shan cakulan tun kafin Turawa su san da shi, su ma da wani maburgin katako suke murza nasu a tsakanin tafin hannu, sak yadda muke yi.

Za ki ga garin kala biyu ne a kanti. Akwai mai haske ja-ja, shi ne wanda ba a taɓa shi ba, yana da ɗan tsami-tsami da kaifi. Akwai mai duhu sosai, wanda aka sarrafa don a kashe tsamin, galibi za ki ga an rubuta Dutch a jikinsa saboda a Holan aka faro dabarar. Don sha, mai duhun ya fi taushi a baki kuma ya fi saurin haɗuwa da madara. In mai hasken kika samu ba laifi, ki ɗan ƙara madara.

Na fakiti kuwa, to, yana da sauri, iyakar abin da zan ce ke nan. Na taɓa sayen kwali guda wata shekara don in huta da dafuwa, na yi da-na-sani tun a kofi na biyu: zaƙi kamar an jiƙa alewa, ba kuma yadda za ki rage shi tunda a haɗe ya zo. Ki juya bayan fakitin ki karanta jerin kayan haɗin, abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa, kuma sau da yawa sukari ne a gaba, kokon yana can baya. In tafiya za ki yi, ko jinya a asibiti inda fulas ɗin ruwan zafi kawai gare ki, ki jefa biyu-uku a jaka. Su Milo da Bournvita kuma kada ki sa su a wannan awon, nasu layin daban ne, akwai tsiron hatsi a ciki, shi ya sa ɗanɗanonsu ba na cakulan zalla ba ne.

Kuɗin gwangwanin zallan zai ɗan tsorata ki a karon farko. Ki tuna cokali ɗaya ne a kofi, kuma shi ne zai yi miki kek, sukari da madara kuwa dama suna gidan.

Sai abin da ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa. Tun 2024 da farashin koko ya yi tashin gwauron zabi a kasuwar duniya, har tan ɗaya ya haura dala 10,000 saboda noman ya yi rauni a Ghana da Kwadebuwa, masu algus suka samu ƙofa. Abin takaici, mu ma muna nomansa, a Ondo da Osun da Kuros Riba, amma tsadar ba ta bar mu ba. Ni na faɗa hannun wani mai awo a kasuwa, ya buɗe min buhu, ya rantse daga kamfani aka kawo, ya auna min a farar leda da rangwame mai daɗi. Na zo gida na dafa, ina juyawa yana kauri, ina ƙara ruwa yana ƙara kauri, ƙarshe dai ga shi nan ya zama kokon gaske, sai ƙosai kawai ya rage. An cakuɗa shi da fulawa ko garin masara ne. Koko zalla ba ya yin kaurin kunu don an dafa cokali ɗaya a kofi. Da na koma, mutumin ya ce ai haka mai kyau yake yi.

Don haka kada ki sayi na awo sai a hannun wanda kika sani. Ki nemi wanda ke rufe a gwangwaninsa ko ledarsa ta asali, da lambar NAFDAC, ki shafa wajen kwanan watan lalacewa da yatsa, don akwai masu liƙa sabuwar takarda a kan tsohuwa. In an yarda ki buɗe, ki shinshina: ƙanshin cakulan zai daki hancinki nan take. Wanda ke warin ƙasa ko na rumbu, ki ajiye musu abinsu. Ki lasa kaɗan, ɗaci ya kamata ki ji. In kin ji zaƙi, an riga an sa masa sukari, kuɗin koko za ki biya a kan sukari.

Yara kuma ki ba su da safe ko da yamma, ki rage musu garin zuwa rabin cokali. Yana da ɗan sinadarin hana barci, bai kai na gahawa ba, amma autana in ya sha bayan isha'i sai ya yi ta zuba surutu har goma ta wuce. In kin buɗe gwangwanin ki juye a kwalba mai murfi, busasshen cokali kawai zai riƙa shiga. Yanzu iskar hunturu ba za ta taɓa shi ba, amma damina na sauka a garin nan sai ya dunƙule. Kirfar ma kada ki saya, ina da ita da yawa, ki aiko a karɓar miki.